Tsamiyar Kufanmu

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya san farkon kowane abu da ƙarshensa. Ni ban iya rubutu ba. Matar ɗana ce ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa. In kuka ya zo mini sai ta dakata, in na share ido mu ci gaba. Na gaya mata kada ta gyara mini magana, ta bar ta yadda ta fito.

Malam, mijina, ya rasu da kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa. Bai yi doguwar jinya ba. Mutane suna ce mini wannan rahama ce, ina kuma amsawa da haka ne, amma har yau in na ji an buga ƙyauren ƙofar gida irin bugunsa sai na gyara ɗankwali. Ba na ɓoye kukana. Tun ina yarinya nake gidansa, na tsufa a gidansa, wa zan ji wa kunya?

Abin da nake so a rubuta maganar wata tsamiya ce. Sai na koma baya kaɗan kafin a gane.

Kafin a kawo ruwan noman rani, gidanmu ba a bakin titi yake ba. A can tsakiyar gonaki yake, inda yanzu ba ka ganin komai sai shinkafa da tumatir. A ƙofar gidan akwai tsamiya, kakan Malam ne ya dasa ta da ya kafa gidan. A ƙarƙashinta aka sauke ni ranar da aka kawo ni. Da aikin ruwa ya zo aka ce kowa ya tashi, za a baje ƙasa a daidaita ta a ja kanal. Ni a lokacin ina gidan iyayena wajen Bunkure ina wankan jego, don haka ban ga komai da idona ba. Abin da na sani, daga bakin Malam na ji shi.

Ya ce da suka ga katafila tana tumɓuke itatuwan mutane tana turawa rami, shi da 'yan'uwansa suka ce ba za su tsaya suna kallo a yi wa tsamiyar kakansu haka ba. Suka sa gatari suka sare ta da hannunsu, suka kwashe icen. Kututturen suka bari. Wurin yana da ɗan kwari, sai katafila ta turo jar ƙasa daga tudu ta binne shi da kufan gidan gaba ɗaya. Da aka sake raba gonaki, wurin ya faɗa a kason wani abokin Malam, mu kuma aka ba mu na kusa da shi.

Bayan damina biyu, toho ya fito a kusurwar gonar abokin nan. Malam ya ce yana ganin ganyen ya gane. Ya kira abokinsa ya nuna masa. Abokin ya yi dariya ya ce, “Tsamiyar kakanka ce ta biyo ka. Kewaye abinka da ƙaya kafin awaki su gaishe ta.”

A wajenmu ƙasa daban, itace daban. Itacen da ya tsiro da kansa, tsiron Allah, na mai gona ne, ya ga dama ya bari ya ga dama ya sare. Amma wanda hannu ya dasa, na wanda ya dasa ne da magadansa, ko da gonar ta koma hannun wani. Za ka ga ɗorawa a gonar mutum, amma matan wani gida ne ke zuwa kaɗe ta, ba mai cewa uffan. Haka muka zauna da tsamiyar nan. Ta girma, ta yi inuwa. A nan Malam yake sallar azahar in yana gona, a nan yake cin abin da na aika masa. Kowace shekara ni ke da 'ya'yanta, in kuma aika wa gidan abokin nasu rabon.

Abokin ya riga Malam tafiya. Gonar ta koma hannun babban ɗansa, yaron da na goya a bayana ranar da uwarsa ta kwanta ciwo. Yanzu magidanci ne da iyali.

Ina cikin takaba ya yi sallama ya shigo. Ya durƙusa daga bakin ƙofar ɗaki, ya yi mini gaisuwa, ya yi wa Malam addu'a. Sai ya tsaya yana murza hularsa.

Na ce, “Faɗi abin da ya kawo ka, hular ba ta yi maka laifi ba.”

Ya ce, “Inna, maganar tsamiyar nan ce. Ina so in kawar da ita.”

Na ce, “Wace tsamiya?”

“Ta gonata.”

“Ta gonarka, ko taka?”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce duk inda inuwarta ta kai, shinkafa ba ta yin ido. Ya ce tsuntsayen nan jan-baki a kanta suke sauka, daga nan su faɗa masa gona, kafin ya kora na gabas na yamma sun ƙoshi. Ya ce saiwarta tana fasa masa fangali ruwa yana zurarewa. Ya ce don kunyar Malam ne bai yi magana ba duk shekarun nan. Ban ƙaryata shi ba, don duk abin da ya faɗa na san akwai shi. Amma sai ya ƙara da cewa masu gawayi sun riga sun zo sun duba.

Na ce, “Tsamiyar kakan Malam ce. Babanka ya sani.”

Ya ce, “Inna, waccan ai an sare ta tun ba a haife ni ba. Wannan tsiron Allah ce. Shanu suna wucewa ta nan, ko tsuntsu ya yar da ƙwallo. Baba dai kara ya yi wa Malam.”

“Wato Malam ƙarya ya yi mini.”

“Ban ce ba, Inna. Na ce dai mutum yakan ga abin da zuciyarsa take so.”

Wannan maganar ita ta fi yi mini ciwo. Da cewa ya yi in ba shi tsamiyar, wataƙila da na yi tunani. Amma ya mayar da abin da mijina ya gaya mini tatsuniya, mijin kuma yana kwance ba ya iya amsawa. Na ce masa ni mai takaba ce, ba na fita, ba na shari'a. Ya bari in fita, sannan mu je gaban mai unguwa. Ya ce ya ji. Ya yi mini wannan karar, ba zan ɓoye ba.

Sauran kwanakin takabar na yi su ne da tunanin shaida. Duk wanda ya riƙe gatari a ranar nan ya mutu. 'Yan'uwan Malam babu ko ɗaya. Ni kaɗai na rage, ni ɗin ma ji na yi, ban gani ba. Girman tsamiyar ma ba zai taimake ni ba, don kowa ya san ta bayan aikin ruwa ce. Abin da nake da'awa yana ƙarƙashin ƙasa.

Ina da ɗa malamin makaranta, yana koyarwa a Kura, mijin wannan da ke rubutu. Wata Juma'a ya zo gaishe ni ya same ni na yi tagumi. Na gaya masa. Da farko cewa ya yi in haƙura, itace ne. Na ce masa shi ma ɗa ne kawai, amma ban yar da shi ba. Ya yi dariya ya gyara zama.

Don ya ɗauke mini hankali, ina jin, sai ya shiga ba ni labarin abin da yake koya wa yara. Ya ce masana sun ce akwai lokacin da duniyar nan ba ta da itace ko ɗaya. Tudu fayau, dutse da ruwa. Sai ƙananan tsirrai suka fara kama bakin ruwa, kamar gansakukar da ke jikin kanal. A hankali a hankali, cikin zamani mai tsawon da ya faɗi lissafinsa kaina bai ɗauka ba, wasu suka yi jijiya, suka yi gaɓa mai tauri, suka miƙe tsaye suna rige-rigen rana. Ya ce na farkon nan ba sa fure, ba sa 'ya'ya.

Na ce, “To wane irin itace ne wannan, ba a ci ba a sha? Malalacin itace.”

Ya ce, “Inna, lokacin ai babu mai ci.”

Na ce, “Su masanan naka suna wurin?”

Ya ce ba sa wurin. Ya ce sun tono kututturansu ne a ƙarƙashin ƙasa, sun zama dutse, wasu ma a tsaye yadda suka tsiro, da jijiyoyinsu. Na ce ko da sun tono, wa ya gaya musu wanne ne babba wanne ne ƙarami, tunda dutse ba ya magana? Ya ce ƙasa hawa-hawa take. Wadda ta fara kwanciya tana ƙasa, wadda ta zo daga baya tana samanta. Abin da ka samu a hawan ƙasa ya girmi abin da ka samu a hawan sama. Ya ce akwai kuma awon da suke yi wa dutsen kansa da na'ura, amma wannan sai su.

Na ce, “Kamar rumbu. Geron bara yana ƙasa, na bana yana sama.”

Ya ce, “Haka, in ba a zuba hannu an juya ba.”

Ya ci gaba da maganarsa, ni kuwa na riga na bar shi. Farkon halitta Allah ne ya san shi, ban yi gardama da kowa a kai ba. Amma wannan ta hawa-hawa na gane ta, don na ga bangon rijiya, na ga ramin da ake haƙar ƙasar gini. Jar ƙasar da katafila ta turo ba ta wurin ba ce. In tsamiyar nan tsuntsu ne ya yar da ita, duk jijiyarta daga saman jar ƙasa za ta faro. In kuwa maganar Malam ce, za a same ta a manne da abin da ke ƙarƙashi.

Na katse shi na ce, “Za ka iya riƙe diga, ko alli ya cinye maka hannu?”

Ya ce, “Inna, in aka haƙa ba a samu komai ba fa? Shekarun da yawa. Gara tana nan, ruwa yana nan.”

Na ce in ba a samu ba, na ji kunya ni kaɗai. Ban gaya masa ba, amma wannan tambayar ta zauna mini a ciki har na fita takaba. Ba kunyar nake tsoro ba. Tsorona a buɗe ƙasa in ga babu, in koma gida da shakkar mutumin da ban taɓa shakkar maganarsa ba. Na yi ta auna in bar abin a rufe, a sare itacen, ni kuma in riƙe labarina yadda aka ba ni. Sai na ga in na yi haka ni ma na yarda ke nan cewa zuciyarsa ce ta nuna masa.

Da na fita, muka je gaban mai unguwa. Ya saurari yaron, ya saurare ni. Ya ce, “Iya, shaida fa?” Na ce shaidata tana binne, a ba ni izini in tono ta. Mutanen da ke zaune suka yi dariya, wani ya ce tsohuwa za ta kira matattu shari'a. Mai unguwa bai yi dariya ba. Ya tambayi yaron ko ya yarda a haƙa masa gona. Ya ce ya yarda, in za a mayar masa da ƙasarsa. Aka ce a bari sai an rufe ruwa don yasar kanal, lokacin ƙasa ta tsane.

Ranar da aka sa, na tafi da sandata. Rabona da wurin tun Malam yana da rai. Da na hango tsamiyar sai da na zauna a bakin kanal na yi kukana na gama. Dutsen da yake ɗora buta yana nan inda ya bar shi.

Ɗana da mai gonar su suka haƙa, ɗaya diga ɗaya shebur. Mai unguwa ya zauna a inuwa da mutum biyu. Suka fara ta gefen kanal don nan ne ƙasa ta fi laushi. Farko baƙar laka ce ta shekarun ban-ruwa, wajen taƙi ɗaya. Ƙarƙashinta jar ƙasa mai tsakuwa, yadda aka faɗa. Jijiyoyi kuwa ga su nan birjik, amma duk a sama suke, sun bazu cikin laka suna bin ruwa. Ba wadda ta nutsa. Suka haƙa har gwiwa, har cinya, babu komai sai ja.

Mai gonar ya dogara da shebur ya ce, “Inna, ko mu ci gaba har mu fito Madobi?”

Na ce, “In ka gaji ba ni.”

Ɗana ya dube ni, hannunsa duk ya yi bororo ya fashe. Ya ce a hankali, “Inna, ya isa haka.” Mai unguwa ma ya fara neman takalminsa.

Na ce ba a haƙa daidai ba. Itacen da ya samu ruwa a gefe ɗaya dole ya aika jijiya can, wannan ba ya nuna inda ya fito. Na ce su dubi gindin. Tsamiyar nan ba a miƙe ta fito daga ƙasa ba, ta ɗan karkato, kamar mai leƙowa daga bayan danga. A haƙa ta inda ta baro, ba ta inda ta nufa ba. Mai unguwa ya ce rana ta yi, in ina so a dawo gobe, amma daga gobe magana ta ƙare. Na ce na yarda.

Washegari mutane sun fi na jiya, don labari ya zaga. Aka fara ta ɗaya gefen. Nan ƙasar ta fi tauri, diga tana tashi da ƙura. Da aka wuce laka aka shiga ja, sai ga wata jijiya guda, kaurin cinyar babban mutum, ba ta bazu ba, ta yi ƙasa. Mai gonar da kansa ya ajiye shebur ya koma tono da fartanya don kada ya ji mata ciwo. Ba wanda ya sa shi. Suka bi ta. Wajen kamu biyu, jar ƙasa ta ƙare kamar an yanka da wuƙa. Ƙarƙashinta ƙasa ce mai duhu, da toka, da gutsattsarin tukwane. Ƙasar ƙofar gidanmu ce, wadda na share da tsintsiya ina amarya.

Sai fartanya ta bugi wani abu ta yi ƙara irin ta ice.

Kututturen ne. Ba duka ya rage ba. Tsakiyar ta ruɓe ta zama rami, gefe ɗaya gara ta cinye. Amma ɗaya gefen yana nan, baƙi ƙirin, da tauri kamar ƙarfe, kuma daga kafaɗarsa jijiyar nan ta fito, jiki ɗaya, ba tsakani. Ɗana ya share saman da hannu. Saran gatari yana nan, baki-baki, wani ya nutsa wani ya goce.

Na ce su saukar da ni. Suka ce ramin da zurfi. Na ce ai ba yau aka fara saka tsofaffi a rami ba. Suka riƙe ni ta hammata suka saukar. Na sa yatsuna a cikin saran nan. Ban san wanne ne na Malam ba, wanne ne na 'yan'uwansa. Na bi su duka ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuka a cikin ramin nan, mutane suna tsaye a kaina, ba wanda ya ce in yi haƙuri, na kuwa gode musu da wannan.

Da aka fito da ni, mai gonar ya durƙusa ya ce, “Inna, Malam ya yi gaskiya. A yafe mini.” Na ce na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe da saura. Mai unguwa ya ce itace na gidan Malam ne, ba mai sare shi. Amma ya ce mallakar itace ba ta ba mutum izinin cinye abincin maƙwabcinsa ba. Yaron nan yana da bakuna a gida. Rassan da suka rufe shinkafa za a datse su. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna duk abin da yaron ya faɗa mini a ɗaki gaskiya ne. Na ce na ji.

Aka mayar da ƙasa yadda aka same ta, mai duhu a ƙasa, ja a tsakiya, laka a sama. Ni na ce a yi haka. Bayan kwana kaɗan aka datse rassan. Rabin inuwar ya tafi. Reshen da Malam yake rataye rigarsa yana cikin waɗanda suka faɗi. Na sa aka kawo mini shi gida, yana nan jingine a bayan ɗaki, ban ƙona ba, ban kuma san abin da zan yi da shi ba.

Saura tsuntsaye, su ba su san hukuncin mai unguwa ba. Na gaya wa yaron tunda itacena ne yake saukar masa da baƙi, ni zan sallame su. Ya ce ba zai yiwu ba, mutane za su zage shi. Ɗana ya ce ƙafata ba za ta iya ba. Na ce da su biyun ba shawara nake nema ba.

Yanzu in shinkafa ta fara nuna, da hantsi mai babur yana kai ni bakin kanal, in ƙarasa da sanda. An ja igiya daga gindin tsamiyar zuwa ƙarshen gonar, an rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Ina zaune ina jan igiyar, in na ga sun taso in yi musu tsawa da ɗan muryar da ta rage mini. Wani lokaci ina ja ina kuka, tsuntsayen ba ruwansu, gudu dai suke yi. Bana ma an kusa, an ce shinkafar ta fara ɗaukar ciki. Na riga na aika a sayo sabuwar igiya, ta bara ta tsinke.